Famfon da Kakata Ta Yi wa Guɗa

Jiya na sayi ƙosai a Ƙofar Nassarawa, sai ga fuskar kakata a jikin tsohuwar jaridar da aka ƙunsa shi, mai ya ɓata mata goshi. Shekararta guda da rasuwa.

Na tuna ranar da aka ɗauki hoton. Soja sun koma bariki ke nan, rediyo tana ta cewa ƙasashen waje sun huce da mu, taimako zai shigo. Aka kawo mana famfo da tanki a Kabara. Ranar buɗewa Turawa biyu suka zo, motocin rakiyarsu sun fi gidajen unguwar yawa.

Kaka ta zaro zanenta na ƙasan adaka, yana ƙamshin turaren wuta.

Na ce, "Tsohuwa, Bature ba zai aure ki ba, haƙoranki uku."

Ta ce, "Ukun sun isa cizonka, mijin banza. Riƙe min bokiti."

Ruwa ya zubo, ta rangaɗa guɗar da ta kori tattabarun Kano kaf. Ashe motar ruwa ce ta cika tankin da sassafe, rijiyar burtsatsen da za ta riƙa ba shi ruwa ko rabi ba a haƙa ba. Kwana uku famfon ya ƙafe, muka koma tsohuwar rijiyarmu ta gefen kwata. Da damina amai da gudawa ya kwantar da ita. Ko a tabarmar jinya, in ta kurɓi ruwa sai ta ce, "Allah ya saka wa baƙin nan, sun yi niyya."

Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga Alkausara. Waɗanda suka cika tankin nan kuwa, ita ta yafe musu. Ni ban yafe ba.