Jan Ƙyallen da Ke Ƙarƙashin Fiffike

Shekarar da jan-baki suka sauka a fadamar Turba, ni ne malamin gona na yankin. Gero ya fara ido, tsuntsayen nan kuwa idan suka taso sai ka ce hadari. Da kuka ya yi yawa aka turo ƙaramin jirgin feshi mai kujera biyu, aka share masa fili a bayan garin Isa. Ni aka ce in shiga in nuna wa matuƙin inda suke kwana. Ni da ko bishiyar mangwaro tsoron hawanta nake yi.

Jirgin ya kwana biyu a filin yana jiran maganin feshi. Gonar yayana tana gefen wurin, ya zagaye ta da igiya da gwangwanaye da tsummoki don korar tsuntsu. Washegarin zuwan jirgin da safe na je gaishe shi, sai na hangi wani jan ƙyalle mai tsawo yana kaɗawa a igiyar. Na gane shi. A ƙarƙashin fiffiken jirgin akwai wani siririn bututu kamar karan sigari, shi aka rufe wa baki da ƙyallen ranar da jirgin ya sauka.

Na yi masa magana a hankali, don yayana mutum ne mai saurin hawa. Ko kallona bai yi ba.

"Tsumma na fa. Mi shi ka ƙara ma jirgi?"

Na ƙyale shi. Na ji nauyinsa, kuma gaskiya ni ma haka na ɗauka.

Rana ta uku magani ya iso bayan la'asar. Feshin ba ya yiwuwa sai tsuntsaye sun koma makwanci kafin duhu ya rufe, saboda haka lokaci kaɗan ne. Manoma sun cika filin, har daga Tsamaye wasu suka zo. Matuƙin, wani dattijo siriri marar magana, ya fara zagaya jirgin. Ya tsiyayi mai a ƙaramar kwalba ya ɗaga ta sama yana duba ko akwai ruwa a ciki, ya shafa farfela, ya taɓa tayoyi. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce ko saniya ake ciniki ai an gama dubawa. Ni ma ina cikin masu cewa rana za ta faɗi, ko kunya ban ji ba. Da ya zo fiffiken hagu sai ya kalli bututun daga tsaye, ya ga babu murfi, ya wuce. Daga baya na ji ashe ya zaci makanikinsa ne ya cire, makanikin kuma ya zaci shi ne.

Aka ɗaure ni a kujera. Injin ya tashi. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Jirgin ya fara gangarawa bakin fili, sai ga gonar yayana ta taga, jan ƙyallen yana ta kaɗawa. In na faɗa, na tona asirin ɗan'uwana a gaban jama'a, in na yi shiru kuma ban san abin da nake rufewa ba. Tsoro ya fi kunya ƙarfi. Na daki kafaɗar matuƙin, na nuna masa ƙyallen, na ce tun jiya yake can.

Ya kashe injin, ya sauka, ya durƙusa ya leƙa bututun. Sannan ya yafito ni. Bakin ya toshe da jar laka, zanzaro ya yi gini a ciki. Ya ce iskar da ke shiga nan ce take gaya masa gudun jirgi, idan ta toshe allurar ma'aunin gudu ƙarya za ta yi masa, ya ɗaga jirgi bai kai gudun tashi ba. Ya ce da haka ya rasa abokin aikinsa, da wani malamin gona irina a kujerar baya. Sannan ya dube ni ya ce:

"Laifina ne, malam. Na kalla, ban duba ba."

Kafin makaniki ya kwance bututun ya wanke an kira magariba. Sai washegari da yamma muka tashi, matuƙin ya yi zagayensa a tsanake, filin tsit babu mai tari. Yinin nan guda da aka ƙara kuwa, jan-baki sun gama da gefen fadama, har da gonar yayana. Zangarniya tsaye, babu ƙwaya.

Na sami yayana a bakin gona yana naɗe igiyarsa. Ina jiran faɗa, don duk gari an san wanda ya ɗauki ƙyallen. Sai ya kwance ƙyallen ya miƙo mini, ya ce in mayar wa masu shi. Da na juya zan tafi sai ya riƙe hannun rigata, ya kasa saki.

"Da ni za ni wanke gawarka da hannuna," ya ce.