Ranar da Mama ta bi jan layin Boston ita kaɗai

Muna idar da sallar asuba muka fito daga flat ɗinmu na unguwar Woolwich a London, ni da Mama da akwatuna uku, biyu daga ciki duk tsarabar jikoki ce. Sai da muka kusa yin faɗa a bakin ƙofa kafin ta yarda ta cire kilishi, don na gaya mata ba a shiga Amurka da nama. Yaji da kuka kuwa ta ce ko jirgin zai fasa tashi sai sun je. Sun kuma je.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar tun yanzu, ban iya kwana-kwana ba. Babanmu ya rasu bara. Mama ta yi takaba ta gama, amma fita ta gagara. Ko shagon da ke ƙasan benenmu ba ta zuwa sai na dawo daga kemis ɗin da nake aiki na raka ta. Yayana da ke zaune a Maryland da iyalinsa ya ce magana ta ƙare, Mama ta koma wajensa da zama, zai nema mata takardu. Ni na ce ba inda za ta. Aka tsaya a kan mu je ziyara tukuna. Ni na yi booking, kuma da gangan na sa jirgin dawowarmu ya tashi daga Boston, don na daɗe ina kwaɗayin dogon jirgin ƙasan nan da ke bin gaɓar teku.

Gidan Yaya gida ne, ba zan ɓata shi ba. Falo biyu, ciyawa gaba da baya, wurin ajiye mota ya fi ɗakina girma. Matarsa ta yi mana hidima iya hidima, tuwo har da man shanu. Yaran suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, Mama na yi musu magana suna "yes, Grandma", tana ta dariya. Abin da ya dame ni unguwar ce. Babu mai tafiya da ƙafa. Babu ma wurin da mai ƙafa zai taka, daga titi sai ciyawar mutane. Burodi sai da mota. Ranar da na gaji da zama na fita miƙe ƙafa, wata maƙwabciya ta tsaya da motarta tana tambayata ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, tafiya nake. Ta dube ni kamar na ce mata iyo nake a kan kwalta.

Sannan aka nuna mana ɗakin da aka gyara wa Mama: banɗakinta a ciki, sabon gado, har sallaya an shimfiɗa an saita alƙibla. Na san ba ni da irinsa da zan nuna.

Da ranar tafiya Boston ta zo, Yaya ya ce zai raka mu. A tasha na gano ya sayi tikitin komowa guda biyu, nasa da na Mama. Wato a Boston za a yi ta ta ƙare: ko ta hau jirgin sama da ni, ko ta juyo jirgin ƙasa da shi. Na tambayi Mama a gabansa, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta juya tana kallon allon jirage.

Jirgin ƙasansu ya fi namu na Ingila faɗin kujera, wannan na ba su. Sauri kuwa kada a yi maganarsa. Mai duba tikiti yana maƙala 'yar takarda a saman kujerarka don ya tuna inda za ka sauka, a ƙasar da ta kai mutum duniyar wata. A taragon abinci na sayi shayi, aka faɗa mini kuɗi daban da wanda ke rubuce, wai haraji, sannan na'urar ta tambaye ni ko zan ƙara wa mai sayarwa ihsani. Ruwan zafi ya zuba, ni na saka ganyen da hannuna. Na danna a'a ina kallon idonsa. Mun wuce Philadelphia, mun shiga New York ta ƙarƙashin ƙasa mun fita ta ƙarƙashin ƙasa, don haka duk wanda ya tambaye ni yaya New York zan ce masa duhu ce da cunkoso. Bayan nan ne tafiyar ta biya kuɗinta. Teku ya matso har gindin layin dogo, ƙananan jiragen ruwa a ɗaure, gidajen katako farare, tsuntsaye tsaye da ƙafa ɗaya a cikin fadama. Mama ta manna goshi a taga tana cin cincin har magariba ta same mu a Boston.

Da safe muka fita da ƙafa. Mutanen Boston sun yi wata dabara da ta burge ni: sun shimfiɗa jan layi na bulo a tsakiyar hanyar masu ƙafa, ya taso daga tsohon lambun gari ya bi duk wuraren tarihinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ka bukatar taswira, ba ka bukatar ɗan jagora. Ka sa ido a ƙasa ka bi.

Ga yadda muka jeru: ni a gaba, don tafiyar London ta zauna mini a ƙafa, Yaya a tsakiya yana danna waya, Mama a baya. Kullum a baya. Tun ina yarinya haka na san ta, Baba a gaba hannuwansa a goye a baya, ita tana biye. Wannan ce ma babbar hujjar Yaya, wai matar da ba ta taɓa shiga gaba zuwa ko'ina ba, ta yaya za a bar ta a London ni ina wurin aiki yini guda.

Mun ga ginin gwamnati mai ƙubbar zinariya, mun ga coci-coci, mun ga tsofaffin maƙabartu a tsakiyar gari, duwatsun kaburburan siraru baƙaƙe, an zana musu ƙoƙon kai da fukafukai. A wani lungu muka tarar da wani mutum cikin shigar mutanen da, hula mai kusurwa uku da doguwar safa, yana ba taro labarin yadda kakanninsu suka kori sojojin Ingila. Ya tambaya ko akwai wanda ya zo daga Ingila. Na ɗaga hannu, ni da gyalena. Aka fashe da dariya. Da na fassara wa Mama cewa rigimar ta yi zafi ne bayan sun zubar da shayin Turawa a teku, sai ta riƙe baki.

"Duka? Ba su ga mabukata a garin ba?"

Gidan da suke nunawa da alfahari wai ya tsufa, ta ce ganuwar garinsu ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ke karɓar kuɗin kallonta. Sau ɗaya na yi gaba da saurina na miƙe inda bai kamata ba, sai na ji muryarta daga baya: "Auta, layin ya yi nan." Na dawo ina ƙunƙuni.

Da azahar muka isa tsohuwar kasuwarsu, wani dogon zaure cike da masu sayar da abinci hagu da dama. Miyar da suke taƙama da ita fara ce mai kauri, ta naman ruwa, amma sai da na tambaya sau uku kafin yaron ya amsa cewa akwai naman alade a ciki. Muka koma kan kifi da dankali. A wurin ne, muna tsaye a layi, Yaya ya sake ɗauko maganar. Ya ce in dubi yadda take jan ƙafa a baya. Na ce tafiyar da ta yi yau ta fi duk wadda za ta yi a unguwarsa cikin shekara. Muka juya harshe zuwa Turanci kamar yadda muka saba in ba ma so ta sa baki. Ya ce ina son kaina. Na ce so yake ya ajiye ta kamar kujera. Murya ta hau, har mai kifin ya daina kiran lamba yana kallonmu.

Da na juya in miƙa mata abincinta, babu Mama.

Wayarta tana cikin jakata, don ni nake riƙe mata komai. Yaya ya zagaya zauren sau biyu, ya sa wata mata ta leƙa banɗaki, ya dawo fuskarsa ta canza. "Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa?" Ya ce zai koma baya ta inda muka fito, wataƙila ta tsaya wani wuri tana jira, in bai gan ta ba zai nemi 'yan sanda. Amma na tuna wadda ta gyara mini hanya ɗazu. Na ce masa ya je, ni gaba zan yi.

Layin ya tsallaka babban titi ya shiga unguwar 'yan Italiya. Tituna matsattsu, ƙamshin tafarnuwa da gahawa, mutane sun yi dogon layi a ƙofar masu gasa kayan zaƙi. Wani tsoho yana zaune a kujera a ƙofar gidansa, na tambaye shi ko ya ga wata dattijuwa da shuɗin mayafi. Bai ko cire sigarinsa ba, ya nuna sama da haɓa. Na wuce wata tsohuwar coci mai doguwar hasumiya fara, hanya ta fara hawa, numfashina ya fara fita da ƙyar. A saman tudun akwai wata maƙabarta da ke kallon ruwa. Mama tana zaune a kan matakalar ƙofarta, farin kwali a cinya an ɗaure da zare, tana cin wani abu kamar naɗaɗɗen cincin da aka cika da madara mai kauri. Ta saya da dalolin da surukarta ta ba ta, waɗanda ta ƙulle a bakin mayafi.

"Kin iso? Zauna ki ci, da daɗi. Na tambaya, babu alade."

Na kira Yaya. Ya iso a tasi, gumi har wuya. Ya durƙusa a gabanta yana cewa Mama kin tayar mana da hankali, da kin ɓace fa. Ta bar shi ya gama.

"Ɓata kuma? Layi ne a ƙasa, ko akuya ta bi shi. Na bar muku wurin ne don na ga kun tsaya kuna rabona kamar gado. Kuma Turancin naku ina ji, shekara nawa ina kai ku asibiti da makaranta?"

Yaya ya ce shi dai tsoro yake ji, don bai taɓa ganin ta je wani wuri ba Baba a gaba ba. Sai ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin rasuwar.

"Babanku? Mutumin da ko tashar bas ba ya ganewa? Yana son a gan shi a gaba, na bar masa. Ni nake ce masa dama, hagu, daga baya. Ku dai ba ku taɓa saurara ba."

Ta juya ta dubi kaburburan. Ta ce waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a kwance, har yau ana hawo tudu ana duba su. Baba kuwa yana can a maƙabartar musulmi a bayan London, maza sun kai shi sun dawo, ita ko wurin ba ta sani ba. Ta ce abin da ya zaunar da ita a ɗaki ke nan, ba rashin sanin hanya ba: duk inda ta nufa sai ta ga ba mai shiga gaba, sai ƙafar ta mutu.

"London zan koma," ta ce wa Yaya. "Duk bazara zan zo in ga yara, ɗakin nan ka bar mini shi. Allah ya yi maka albarka." Kafin in gama murmushi ta juyo kaina. "Ke kuma ba ni wayata. Da katin bas ɗina, da makullina. Kin mayar da ni jaka."

Na miƙa. Yaya ya cire tabarau yana goge ido, ta tura masa kwalin ta ce ya ci.

Ragowar layin ita ta ja mu. Muka tsallaka gada mai ƙasan ƙarfe da ake hango ruwa ta cikinsa, muka ga tsohon jirgin yaƙinsu na katako da igiyoyi kamar saƙar gizo. Doguwar hasumiyar da ke ƙarshen layin kuwa ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce wanda ya gina ya hau. Tafiyarta a hankali take, kuma na gano cewa in kana bin mai tafiya a hankali kana ganin gari. Duk abin da na wuce da safe ban san na wuce ba.

Washegari Yaya ya kai mu filin jirgi, ya koma jirgin ƙasa shi kaɗai da kujera ɗaya ba kowa a gefensa. Mun sauka London cikin yayyafi, jirgin ƙarƙashin ƙasa cike, kowa ya ɗaure fuska, na ji daɗin abina.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Boston gari ne na ƙafa, in za ku je ku sa takalmi mai taushi, ku tambayi abin da ke cikin miya, kuma kuɗin da aka rubuta ba shi za ku biya ba. Sai kuma wannan: ni da Yaya mun yi wata da watanni muna gardama a kan inda Mama za ta zauna, kowa na rantsuwa don ita yake yi, kuma ba wanda ya zauna ya saurare ta har sai da ta bar mu a layin kifi.

Satin da muka dawo na taso daga aiki na tarar da flat a kulle, ba kowa. Na kira ta. Ina jin ƙarar bas a bayanta. Ta ce ta je ta gano Baba, ta sauka a tashar da ba ita ba sau ɗaya, ta tambaya aka nuna mata, wurin yana da bishiyoyi. Na buɗe baki zan fara faɗa, ta riga ni.

"Ina hanya. Ki ɗora shinkafa."