Ranar da Baba Ya Ce Bai San Ni Ba

Tun da na baro Damagaram na sauka Riyad, aikina ɗaya ne, kula da wani tsoho a unguwar Suwaidi. Babban ɗansa ne kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, amma tsohon nake wa hidima. Ni ke masa wanka, ni ke yanke masa farce, ni ke tura shi a keken guragu zuwa masallaci. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗansa, akushi ɗaya muke sa hannu. Sabo turken wawa, har na ɗauka da gaske yake.

Wata shekara 'ya'yansa suka shirya yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, aka tafi da ni don keken ba ya tura kansa. Jirgin gari guda ne, har da kasuwa a ciki. Ana ba kowa katin da zai fita ya dawo da shi, amma nawa kafilina ya jefa a jakarsa, yadda ya saba yi da duk wata takarda tawa. Ai a gida ma haka muke.

Wata safiya muka tsaya a wani tsibiri na tekun Indiya. Abin da ya fara dukan hancina ƙanshin kanumfari ne da ƙarnin kifi. Lungunan garin matsattsu, ƙasa jiƙe, itatuwan kwakwa ko'ina, mutanen kuma baƙaƙe wuluk irina. Wata mai sayar da mangwaro ta gaishe ni da harshensu, na amsa da Hausa, muka yi ta dariya. Rabona da in yi tafiya ba a kallona har na manta.

A kasuwa Baba ya hango alewa mai maiƙo ana yankawa da zafinta, ya ce in sayo masa. Mutumin nan ciwon suga ya riga ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, likita ya hana, 'ya'yansa sun ja mini kunne. Na ce a'a. Ya lallashe ni, ya zage ni, na tura keken muka wuce. Daga nan ya cika ya yi fam, ko kallona bai ƙara yi ba.

Da la'asar hadari ya haɗo. 'Ya'yan suka yi gaba da sayayyarsu, suka shige jirgi, suka bar ni ina fama da keke a kan duwatsu. A ƙofar tashar jirgin mai gadi ya duba katin Baba da ke rataye a wuyansa, sannan ya miƙo mini hannu. Babu. Ya dube ni sama da ƙasa, na ga ya ɗauke ni ɗan garin ne mai dako. Yana ɗan jin Larabci, sai ya sunkuya ya tambayi tsohon ko tare muke.

Baba ya ɗago ido ya kalle ni tsaf, ya ce, "Ban san shi ba."

Wani ma'aikacin jirgi ya karɓe keken daga hannuna, ya yi ciki da shi. Ina kira Baba, Baba, ko waiwaye. Aka kora ni gefe cikin masu talla, ruwa ya tsuge. Ba fasfo, ba kati, wayata ba ta aiki a ƙasar. Jirgin ya yi wata irin ƙara. Na tuna 'ya'yana a gida, na ce shi ke nan, wa zai gaya musu inda na ƙare? Ina tsaye da tawul ɗinsa a kafaɗa da kwalbar maganinsa a aljihu, hawaye suka zubo mini, ƙato da ni.

Sai da aka fara kwance igiyoyi kafilina ya sauko yana kaɗa katina, yana dariya har da riƙe ciki. Wai Baba ya ce a bar ni in ɗan ji jiki, gobe ba na ƙara hana shi alewa ba. Ashe suna can sama suna kallona, har da mai ɗauka a waya. Wallahi da duka suka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mun dawo Riyad, ina nan ina aikina, don bakunan da nake ciyarwa ba su san fushi ba. Amma labarin ya zama abin hirar Baba. Duk baƙon da ya zo majalisa sai an ba shi, a nuna masa hoton, ni kuwa ina tsaye ina zuba musu gahawa. Kullum da magana ɗaya yake rufewa, wai tsoron tsibiri ya sa ni kuka kamar yaro, sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ɗana?"

In ce haka ne, Baba. In karɓi kofinsa in ƙara masa.