Ranar da Babur ɗin Surukina Ya Yi Kuka a Hannuna

Shekarun baya, ina ango ɗan wata huɗu, surukina ya ba ni aron babur ɗinsa. Wanda bai san tsohon ba zai ce to mene ne a ciki. Ni da na san shi, na san ba ƙaramin abu ba ne.

Surukina baduku ne a cikin garin Daura, gidansa ba nisa da rijiyar Kusugu. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma babur ɗin nan ya girmi matata. Ja ne a da, amma rana ta cinye launinsa. Sirdin da kansa ya ɗinka masa da fata. 'Ya'yansa maza uku, kowanne da gemunsa, babu wanda ya taɓa hawa. Ni kuwa a lokacin ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. In tsuguna in gaishe shi, in tashi in bar wurin, shi ke nan tsakaninmu.

Ina aikin malamin gona a lokacin, kuma ina da taron manoma a wani ƙauye gaba da Sandamu, ga shi ba ni da abin hawa. Matata ta je gaida iyayenta, sai ta dawo da makulli a hannu.

"Baba ya ce gobe ka je ka ɗauka."

Na ce, "Wane Baban?"

Ta ce, "Baba nawa gare ni?"

Washegari na ɗauka. Tafiyar da na yi da shi, har wani mai keke ya wuce ni yana waiwaye. Na isa lafiya, aka yi taro aka watse. A hanyar dawowa ne, bayan azahar, na fara jin wani ƙara daga cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na rage wuta, ƙaran yana nan. Na ƙara wuta, ya ƙara. Na yi addu'ar duk da na haddace, har da ta shiga kasuwa, bai daina ba. Sai na kashe shi na fara turawa. Haka na shigo Daura ina jiƙe da gumi, mutane suna ce min, "Malam, mai ne ya ƙare?" ni kuma ina cewa eh.

Ban nufi gidan surukina ba. Gidan abokina na nufa, wanda yake ganin babu abin da bai sani ba game da inji, don ya taɓa yin acaɓa na shekara guda. Ya sa na tayar, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ɗauko sifana da wani tsohon kwano, ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya zubo. Da ya kai kwanon cikin rana sai muka ga yana ƙyalli. Ɓurɓushin ƙarfe ne, ƙanana ƙanana, suna yawo a cikin man.

"Ango," in ji shi, "injin ya buga. Ka kashe wa tsoho babur."

Na zauna a ƙasa. Wallahi ba babur ɗin nake gani ba, fuskar matata nake gani, da yadda za a riƙa nuna ni a dangi.

Abokina ya ce akwai dabara. A zuba mai mai kauri, ƙaran zai lafa na kwana biyu ko uku. In mayar da babur in yi godiya. In ya mutu daga baya, a hannun mai shi ya mutu. Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta shige ni. Har na miƙe zan je sayo man. Sai na ce bari dai in biya gida tukuna.

Matata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba yana yafe ɓarna. Ƙarya ce ba ya yafewa. Ka zaɓa."

Bayan la'asar ni da abokina muka tura babur ɗin zuwa ƙofar gidan, ina riƙe da kwanon mai kamar mai kai tuwon sadaka. Surukina yana zaure yana yankan fata. Na tsuguna, na gaishe shi sau uku don na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ajiye kwanon a gabansa na ce, "Baba, na yi ɓarna."

Ya tsoma yatsa biyu a man, ya murza, ya duba. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo da maganaɗisun tsohuwar rediyo ɗaure da zare. Ya zura shi cikin kwanon, ya juya, ya ɗago. Babu abin da ya manne sai mai.

Ya dubi abokina. "Kai ne ka ce ya buga?"

Abokina ya ce, "Baba, alamu ne suka nuna."

"Da cikin injin ne ya ci kansa, da ƙarfen ya bi maganaɗisu. Wannan alminiyam ne, irin na tukunya. Jikin injin ake kankara, ba zuciyarsa ba."

Ya sa aka zuba sabon mai, ya ce in tayar. Ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kara mariƙin a kunnensa. Ya saurari ƙasa, ya saurari sama, ya tsaya a gefe. Sai ya yafito ni da hannu. Ni da ban taɓa matsawa kusa da shi ba, ga ni kaina yana gogar hularsa.

"Saurara nan. Me ka ji?"

"Shiru, Baba. Sai dai gurnani."

Ya matsar da shi gefe. "Nan fa?"

Nan ne ƙaran yake, ƙarara, har cikin haƙorana.

Ya ce akwai wata 'yar kaca a ciki, makanikai suna kiranta taimin cen. Ta tsufa ta saki, shi ne take dukan bango tana kankaro shi. Abin canzawa ne, ba mutuwa ba.

Abokina ya tuna cewa yana da uzuri, ya sulale. Muka rage mu biyu. Ina shirin ba da haƙuri karo na huɗu sai na ga kafaɗun tsohon suna rawa. Na ɗauka tari ne. Ashe dariya yake yi. Ya leƙa ƙofar cikin gida, ya rage murya.

"Wata uku ke nan yana wannan kukan, kaɗan kaɗan, da safe. Kai da ka ja shi nesa ne ya fito fili."

Na saki baki.

"Innarku da yayyen matarka sun ce na tsufa da hawa babur. Jira suke ya lalace su ce a jingine. Shi ya sa kullum sai na tura shi bayan layi nake tayarwa. Sai na ce, in a hannun suruki ya lalace, wa zai iya buɗe baki?"

Bai rufe baki ba sai ga muryar surukata daga bayan ƙofa, labari ya riga ya kai mata. "Malam, don Allah kada ka yi wa yaron nan faɗa. Tsautsayi ne. Gobe a kai shi a gyara, kada ya ji kunyar shigowa gidan nan."

Tsohon ya gyara murya, ya ɗaure fuska, ya ce, "To, tunda kin roƙa."

Na sunkuyar da kai har haɓata tana taɓa ƙirji, don in na ɗago, asirinmu ya tonu.

Washegari tare muka je wurin makanikinsa. Da aka buɗe, ga kacar nan ta saki, ga gurbin da ta ci a jikin injin yana sheƙi. Aka canza ta, aka wanke ciki, aka sake mai. Da aka tayar, muryarsa ta dawo sumul. Surukina ya hau, ya ce, "Hau mu je." Ya goya ni muka ratsa gari, mutane suna kallo, don ba a saba ganin suruki da suruki a sirdi ɗaya ba. A hanya ya tsaya ya saya mana tsire, muka ci a tsaye.

Nakan tuna yadda saura ƙiris in zuba man nan mai kauri. Da na yi, da shiru zai karɓi makullinsa, ya san abin da na aikata, ni kuma in ci gaba da gaisuwa daga nesa har abada. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ban san daɗin zama kusa da uba ana hira ba sai a zauren nan, bayan wannan rana.

Yanzu ƙafa ta hana shi hawa, kuma shi da kansa ya ajiye, ba wanda ya sa shi. Ni nake kai shi masallacin Juma'a a kan babur ɗin, yana baya yana ba ni umarni a kowace kwana. Surukata har yau ba ta san gaskiyar maganar ba, ko kuma ta sani ta ƙyale mu. In baƙo ya zo zaure, sai ya nuna ni ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne ya ɓata min babur."

Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."