Carbin Baffa Auta da Gonar Karangiya

Carbin na fara gani. Dogo ne, ja, yana sheƙi a hasken garwashin murhun Iya, kakata, a gidanmu na Roni. Mai shi Baffa Auta ne, ƙanin mahaifina. A lokacin na fara karatun littattafan soyayya a ɓoye, don haka nan take na yanke cewa irin mijin da zan aura ke nan: fari, mai sanyin murya, bakinsa kullum yana motsi da ambaton Allah. Kaicon yarinta.

Ƙarshen bazara ne, kowa na binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Iya da tsufanta ta gama gayaunarta. Gonar Baffa kuwa ko sungumi ba ta gani ba, alhali da ita zai ciyar da mata da 'ya'ya uku.

"Auta, yaushe za ka yi binne?"

"Iya, gaggawa aikin shaiɗan ce. Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci."

Ta yi tsaki, ta jawo ni. "Matso, ƙawata. Ga ta nan, amma yau ba don yara ta zo ba."

Wai wani mutum ne ya zauna a gindin tsamiya da ƙwaryar irinsa yana addu'a. Maƙwabta suka yi binne, ya ce sun raina Ubangiji. Yunwa ta taso masa, ya daka irin ya sha fura. Da kaka ta yi, sai ya tare hadari yana kuka, wai an manta da shi. Hadari ya ce, "Sau bakwai aka aiko ni gonarka. Na duba ban tarar da kowa ba sai karangiya, ita na shayar." Shi ya sa har gobe karangiya ke maƙale wa ƙafar mutane. Mai gonar take nema ta yi masa godiya.

Baffa ya yi murmushi. "Tatsuniya ai ƙarya ce, Iya."

"Ƙarya ce. Yunwa ce gaskiya."

Ni kuwa haushin Iya na ji, don ta taɓa mini gwarzo. A shekarar, daga rumbunta aka riƙa ɗibar wa gidansa hatsi, tana aunawa tana mita.

Sai da na girma na gane wanda ya fi yarda da Allah a cikinsu. Iya kan ɗauki hatsin da za ta iya ci ta binne a ƙasar da babu ko raɓa, ta dawo ta yi barcinta lafiya. Idan ruwa ya yaudare ta irin ya ƙone, ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta sake zubawa. Imaninta ya sa ta aiki, ya kuma ba ta barci. Baffa da carbinsa kullum cikin ciwon kai yake.

Shekarar da Iya ta rasu, rumbu ya rufe. Gidan Baffa suka ƙare damina da cin ganyen tafasa da rama.

Yanzu ya tsufa, kuma shi ne farkon mai binne a unguwarsu, carbi a wuya, sungumi a kafaɗa. Bara na je gaishe shi, na tarar ya tara samari yana ba su labarin hadari da karangiya.

"Baffa, ba tatsuniyar Iya ba ce wannan?"

Ko kallona bai yi ba. "Wace tatsuniya? Wa'azi nake yi."