Ƙusa Ɗaya a Kujerar Baba

Bayan kujerar ne na fara gani, ta ƙofar wani shago a ƙasan benenmu a unguwar Danau Kota ta birnin Kuala Lumpur: katako ja mai duhu, a lanƙwashe kamar hannu biyu a buɗe. Watana biyu da yin ɓari, maigidana kullum yana jami'a, ni kuwa ba abin da ke yi mini daɗi ko zafi. Amma na tsaya. A littattafan soyayyar da na taso da su, irin wannan kujerar ake zama a kai a jira wani.

Mai shagon tsoho ne ɗan China, gyaran kayan katako na da ne aikinsa. Baba nake ce masa.

"'Yata, nemo ƙusa a jikinta," in ji shi cikin guntun Turancinmu. "In kin samu, taki ce."

Na duba har ƙasa, babu. Ya nuna mini yadda ake fafe rami a wannan katako, a feƙe bakin wancan, su shige juna su riƙe. Kujerar ta marigayiyar matarsa ce, ita ma gadonta ta yi wajen kakarta.

Da za a yi masa aikin ido, ya ba ni ajiyarta, don ruwan sama kan shiga shagon. Na kai ta ɗakinmu mai na'urar sanyaya wuri. Nakan zauna a kai in ta kallon bango. Bayan sati uku hannunta ya fara girgiɗi. Ban san sanyin ne ya tsotse katakon ba, da na buɗe taga da ya koma daidai. A gidanmu in kujera ta yi girgiɗi ƙusa ake buga mata, don haka na ɗauko guduma da ƙusa. A bugu na uku hannun ya tsage.

Ranar da ya dawo, idonsa ɗaya a liƙe, ya bi tsagar da yatsa har ya taɓa ƙarfe.

"Ashe kin samu," ya ce.

Na ba shi haƙuri. Na ji muryata kamar ta wata. Ya ɗauki kujerarsa da kansa, bai yarda na kama masa ba.

Bayan shekara takwas da dawowarmu gida, mun koma Kuala Lumpur ziyara. Shagon ya zama gidan shayi. Mai wurin ya ce Baba ya makance, yana gidan 'yarsa, a kujerar yake wuni. Tsagar ya gyara ta tun da sauran ganinsa, ƙusar ce bai cire ba.