Rubutun da Malam ya bari a cikin fayil

Jiya wuta ta ɗauke a ofishinmu na Wurno, na'urar da ke harhaɗa manhajarmu da kanta ta tsaya a tsakiyar aiki. Aikin da ya katse ya bar wani fayil da ya toshe hanya kamar ƙofa a kulle, duk sabon aikin da na tada sai ya tsaya bayansa yana jira. Manoman Goronyo na sauraron saƙon rabon ruwa da manhajar ke tura musu, ni kuwa ba gaba ba baya.

Ina tonon fayiloli sai na ci karo da rubutun Malam, dattijon da ya kafa tsarin, wanda ya rasu bara: "Kar ka sake tada aiki sai ka share abin da na farko ya bari."

Na tuna wata azahar, ɗaki ya yi zafi, Malam na kurɓar shayi mai ƙamshin citta. Aiki ya tsaya, na danna maɓallin tada shi sau uku, ya riƙe hannuna. "Ɗana, gaggawar mi kaka yi? Duba inda ya faɗi tukuna."

Na share abin da aikin farko ya bari, sabon aiki ya wuce, amma ba wanda zan juya in gaya wa. Allah Ya gafarta mashi, Ya yalwata makwancinsa.